Zerojel: Tambayoyi da Amsoshi Kan Abin da Ke Cikin Ƙullin "Kada a Ci"

Duk wanda ya taɓa sayen sabon takalmi a kwali, ko ya buɗe robar magani, ya ci karo da ɗan ƙullin nan na farar takarda mai 'yan ƙwayoyi kamar tsakuwar gishiri, an rubuta masa gargaɗin kada a ci. Yawancinmu shara muke jefa shi. Abin da ke ciki sunansa silika jel, kuma shi ne mafi shahara a dangin da masana ke kira zerojel. Ga tambayoyin da ɗalibai da sauran jama'a suka fi yi mini a kansa.

Malam, mene ne zerojel?

Bari mu fara da jel. Idan farfesun ƙafar saniya ya kwana cikin sanyin hunturu, da safe za ku tarar romon ya daskare yana rawa, ba ruwa ba ne, ba kuma abu mai tauri ba. Abin da ya faru shi ne wasu zaruruwa da ido ba ya gani sun sarƙe da juna sun zama raga, ragar kuma ta riƙe ruwan a cikinta. Wannan shi ne jel. Agidi ma haka yake.

To idan aka bar jel ya bushe, ruwan ya fita a hankali ta hanyar tururi, ragar za ta tsuke, ta bar ƙwarangwal mai tauri cike da 'yan kafofin da ruwan ya tashi daga cikinsu. Wannan busasshen ƙwarangwal shi ne zerojel. Sunan daga Girkanci ya fito, inda kalmar farkonsa ke nufin busasshe. Mai son neman sa a intanet ya rubuta xerogel, ko da yake da sautin z ake furta shi.

Ba baƙo ba ne a gare mu. Littattafan haɗa magunguna sukan kawo ƙaro a matsayin misalinsa, wato ƙaron nan na dakwara da ake tsinkowa a Yobe da Barno da Chadi da Sudan, wanda almajirai ke jiƙawa a tawada. Danƙo ne mai ruwa ya tsattsafo daga jikin itace, iska ta busar da shi ya zama dunƙule kamar gilashi. Amma a ɗakin bincike, idan aka ambaci zerojel, yawanci ana nufin na silika, wato sinadarin da yashi ya ƙunsa, ko na alumina, sinadarin da ake samo alminiyom daga gare shi, ko na gawayi.

Me ya sa yake tsukewa, har wani lokaci ya farfashe?

Wannan ce tambayar da na fi so, domin duk sana'ar a nan take.

Ku tuna kududdufi a ƙarshen rani, yadda lakarsa ke darewa falle-falle. Ko maginiyar tukwane da ba ta yarda ta shanya ɗanyar tukunya a rana tsaka, sai dai a inuwa, tana juya ta kwana da kwanaki. Matsala ɗaya ce take addabar ta da masanin zerojel.

Saman ruwa yana da wata irin fata mai jan kanta, ita ce ke sa allura ta iya kwanciya a kan ruwa ba ta nutse ba. Yayin da ruwa ke janyewa cikin 'yar siririyar kafa, wannan fata tana jawo bangon kafar zuwa ciki. Kuma iya ƙanƙantar kafa, iya ƙarfin jan. A kafar da ke da nanomita 10 daga tsakiyarta zuwa bango (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), matsin yakan kai kusan ninki 140 na nauyin iskar da ke kanmu. Idan nanomita 2 ce, ya haura ninki 700. Ku kwatanta da tayar mota, wadda iskarta ba ta wuce ninki biyu da 'yan kai ba. Raga mai taushi ba ta da yadda za ta yi da irin wannan ƙarfi, dole ta tsuke. Shi ya sa jel ɗin da ya cika kofi yakan koma kashi ɗaya cikin biyar, ko ma ɗaya cikin goma na girmansa.

Tsagewa kuma tana zuwa ne daga rashin daidaito. Waje ya riga ciki bushewa, yana neman tsukewa, ciki kuwa yana nan da ruwansa ya ƙi ba da wuri. Haka nan manyan kafofi sukan riga ƙanana rabuwa da ruwa, sai bangon da ke tsakaninsu ya sha ja ta gefe ɗaya. Na sha ganin ɗalibi ya haɗa jel mai kyau, garau kamar ƙanƙara, gaggawa ta sa ya cusa shi a obin mai zafi, da safe ya tarar da tsaki. Wanda ya rufe bakin kofinsa da leda ya huda ta da allura sau biyu ko uku, ya haƙura mako biyu ko uku, shi ke fitowa da dunƙule guda.

Akwai dabarun rage ɓarnar. Ana barin jel ya kwana biyu cikin ruwansa don ragar ta ƙara ƙwari kafin a fara shanya. Ana musanya ruwan da ke ciki da etanol, wanda jan fatarsa bai kai sulusin na ruwa ba. Wasu kuma sukan zuba sinadarai irin su fomamid da ke daidaita saurin bushewar.

Mene ne bambancinsa da erojel ɗin da ake cewa ya fi komai rashin nauyi?

Uwarsu ɗaya, hanyar busarwa ce ta raba su. A 1931 wani masani ɗan Amurka, Samuel Kistler, da ke koyarwa a garin Stockton na jihar Kalifoniya, ya nuna cewa ana iya fitar da ruwan jel ba tare da ragar ta tsuke ba. Ana ɗaga zafi da matsi a cikin tukunyar ƙarfe har a wuce matakin da babu sauran bambanci tsakanin ruwa da tururi. Idan babu wannan bambanci, babu fatar da za ta ja bango. A yau iskar kabon dayoksaid aka fi amfani da ita, wadda ke kai wannan mataki a digiri 31 na ma'aunin Salshiyos da matsi kusan ninki 73 na iska. Abin da ke fitowa shi ne erojel, fiye da kashi 90 cikin ɗari nasa iska ce, wani ma ya haura 99. Da shi kumbon Stardust na NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ya kamo ƙurar tauraruwa mai wutsiya ya dawo da ita duniya a 2006.

Zerojel bai kai nan ba: kafofinsa sukan tsaya tsakanin kashi 15 zuwa 50 cikin ɗari na jikinsa. Amma ya fi ƙwari, ya fi araha nesa ba kusa ba, kuma ba ya bukatar tukunyar matsi mai haɗari. Ni a ganina wannan ne ya sa ya fi shiga rayuwar mutane, ko da yake erojel ne ya yi suna. Akwai na uku, wanda ake daskarar da jel ɗin ya zama ƙanƙara sannan a zuƙe ƙanƙarar, ana ce masa kirayojel.

Iyakar da ke tsakanin zerojel da erojel ma ta fara gogewa. A farkon shekarun 1990 masana a jihar New Mexico suka gano cewa idan aka shafe bangon kafofin da sinadarin da ke hana su mannewa da juna, jel ɗin zai tsuke yayin bushewa, sannan ya sake buɗewa kamar soso idan aka sake shi.

Yaya ake yin sa?

Hanyar masana'anta ta fi sauƙi. Ana narka yashi da garin soda a tanderu a sami abin da ake kira ruwan gilashi, wato sodiyom siliket. A zuba masa asid, sai ya kama ya zama jel. A wanke gishirin da ya samu a ciki, a busar, a farfasa ko a mulmula shi ƙwaya-ƙwaya.

A ɗakin bincike, inda ake son tsabta sosai, da wani ruwan sinadari ake farawa mai suna TEOS. Ana gauraya shi da etanol da ruwa da ɗan ɗigon asid ko na amoniya. Ruwa yana ɓalle masa rassansa, sai ƙwayoyin silika su riƙa kama hannun juna har ragar ta game kofin duka. Za ka karkata kofin ka ga ya daina gudana. Wannan hanya tana da tsohon tarihi, don tun 1846 Bafaranshe Ebelmen ya lura cewa irin wannan ruwa, idan aka bar shi cikin danshin iska, yana komawa abu mai kama da gilashi.

Zaɓin asid ko amoniya ba ƙaramin abu ba ne. Asid yana ba da siraran zaruruwa da ke cukurkuɗewa su tsuke sosai, kafofin su fito mitsi-mitsi. Amoniya kuwa tana ba da dunƙule-dunƙule kamar an tara ƙwai a kwando, da sarari mai ɗan faɗi tsakaninsu. Da wannan ake auna wa kowane aiki irin kafar da ta dace da shi.

Kafofin nan, wane irin ƙanƙanta ake magana?

Yawanci nanomita 1 zuwa 10. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita, kuma kaurin silin gashin mutum ya kai dubban gommai na nanomita.

Amfanin wannan ƙanƙanta shi ne yawan bango. Giram ɗaya na zerojel yana iya ɗauke da faɗin murabba'in mita 150 zuwa 900 a cikin lungunansa. Silika jel na kasuwa yana da kusan 750 zuwa 800. Ma'ana, giram goma, cikin tafin hannu ke nan, in da za a shimfiɗa bangon kafofinsa, da ya rufe filin ƙwallo ya yi saura. Ana auna wannan ne ta hanyar sanyaya samfurin zuwa digiri 196 ƙasa da sifiri, a sakar masa iskar naitirojin a ga yawan wadda ta manne. Lissafin na masana uku ne, Brunauer da Emmett da Teller, tun 1938, shi ya sa ake ce masa BET.

Wa ya mayar da shi kayan kasuwa?

Walter Patrick, farfesan kimiyyar sinadarai a Jami'ar Johns Hopkins da ke Baltimore, shi ya sami rajistar mallakar hanyar yin silika jel da yawa a 1919. An yi amfani da shi a takunkumin kare sojoji daga iska mai guba a Yaƙin Duniya na Ɗaya, a na Biyu kuma ya kare maganin fenisilin da kayan yaƙi daga danshi.

Ƙullin nan guba ne? Yarona ya tauna ɗaya.

Farin silika jel shi kansa ba guba ba ne, ciki ba ya narkar da shi, yakan wuce ya fita. Gargaɗin ya fi shafar shaƙewa, domin ƙullin ko ƙwayoyin suna iya maƙale wa ƙaramin yaro a maƙogwaro. A cire abin da ya rage a bakinsa, a ba shi ruwa. Idan yana tari ba ƙaƙƙautawa, ko numfashi na yi masa wuya, ko ya haɗiye ƙullin duka, a garzaya asibiti.

Mai launin shuɗi shi ne abin lura. An rina shi da sinadarin kobalt kulorayid, wanda yake shuɗi in ya bushe, ya koma ruwan hoda in ya sha danshi. Wannan rini yana da illa, kuma Tarayyar Turai ta sa shi cikin abubuwan da ke iya jawo ciwon daji. Kada a haɗa shi da abinci, kada a bar shi kusa da yara. An fito da mai ruwan lemo a madadinsa. In kun duba jikin babbar taransifoma, za ku ga wani ɗan tulun gilashi a rataye cike da irin waɗannan ƙwayoyi. Ta nan taransifomar ke shaƙar iska, ƙwayoyin na tare danshi kada ya gurɓata man da ke ciki. Ma'aikacin da ya san aikinsa, da ya ga launin ya juye, ya san lokacin canji ya yi.

Kada kuma a rikita shi da ƙurar dutse da ke lalata huhun masu fasa dutse. Waccan silika ce mai tsarin lu'ulu'u, wannan kuwa ƙwayoyinsa ba su jeru haka ba. Duk da haka garinsa yana damun hanci da ido, mai aiki da shi ya rufe fuska.

Ana iya sake amfani da shi?

Ƙwarai. Yana iya riƙe ruwa har kusan kashi 40 cikin ɗari na nauyinsa, kuma ka taɓa shi ka ji shi a bushe, saboda ruwan a bangon kafofi yake manne. In ya ƙoshi, a zazzage shi a faranti a sa a obin mai digiri 120 na awa ɗaya zuwa biyu, ya dawo sabo. Sai dai a cikin mazubi mai murfi kaɗai yake da amfani. A ɗaki buɗe da damina, nan da nan zai cika. Masu adana iri suna busar da iri da shi, masu nazarin tsirrai suna tura ganye a cikinsa don kada ƙwayoyin gadonsa su lalace kafin a kai ɗakin gwaji, gidajen tarihi kuma suna daidaita danshin akwatunan tsofaffin takardu da shi.

Wani gwaji da yara ke so: a jefa busassun ƙwayoyi cikin kofin ruwa a kasa kunne. Za a ji suna ƙara ƙas-ƙas suna fashewa. Ruwa ne ke rugawa cikin kafofin da ƙarfi, yana matse iskar da ke ciki.

Ban da shan danshi, me masana ke yi da shi?

Babban aikinsa a ɗakin gwaji shi ne tace sinadarai daga juna. Ɗalibin da ke son sanin abin da ke cikin sassaƙen wani itace na magani zai cika dogon bututun gilashi da farin garin silika jel, ya zuba jiƙon a sama, ya riƙa bin sa da ruwan sinadari. Kowane sinadari da irin yadda yake riƙe bangon kafofin: wani ya wuce da sauri, wani ya yi ta jan ƙafa. Sai ka ga launuka sun rabu zobe-zobe suna gangarowa, kore daban, rawaya daban, ana tarar kowanne a kwalbarsa. Duk sashen haɗa magunguna da na sinadarai a jami'o'inmu da wannan gari suke aiki kullum.

Na biyu, shi ne shimfiɗar da ake ɗora sinadaran da ke zaburar da haɗuwar wasu. A 1951 Paul Hogan da Robert Banks na kamfanin Phillips Petroleum a jihar Oklahoma suka gano ƙarfin sinadarin kuromiyom wajen mayar da iskar gas roba. Har yau kuromiyom da aka baza a kan silika mai kafofi ne ke samar da babban kaso na roba mai tauri da ake yin jarka da bututun ruwa da ita.

Ana kuma shafa shi siriri a kan gilashi don rage ƙyalli, haske ya fi ratsawa, kamar a gilashin farantin sola da manyan na'urorin leza. Idan aka gasa shi a zafin da ya ɗan haura digiri 1,000, kafofin sukan rufe ya zama gilashi tsantsa, alhali narka yashin silika zalla sai an wuce 1,700.

Da gaske ne ana ɗaure magani ko abu mai rai a cikinsa?

Da gaske ne, kuma sirrin shi ne ana haɗa shi a zafin ɗaki. Gilashin gargajiya wuta yake bi, duk abin da aka sa masa mai laushi zai ƙone. Nan kuwa ragar tana ginuwa a hankali ta kewaye baƙon da aka jefa mata. David Avnir na Jami'ar Hebrew da ke Kudus ya nuna haka da rini a 1984, sannan a 1990 shi da abokan aikinsa suka kulle enzayim a ciki, wato sinadarin jikin halitta da ke zaburar da haɗuwar wasu sinadarai, ya ci gaba da aikinsa. Enzayim ɗin ya fi ƙofar girma, ba ya iya fita, amma ƙananan sinadarai suna shiga su same shi su fito. A kan wannan ake gina na'urorin gano sukari ko gurɓatar ruwa.

Ta fannin magani, masana a Jami'ar Pennsylvania sun gwada shi da maganin ƙwayoyin cuta bankomaisin, wasu a garin Turku na Finland sun gwada da wasu magunguna. Manufar ita ce a dasa shi inda ciwon yake, misali a ƙashin da ya kamu, ya riƙa sakin magani kaɗan-kaɗan na kwanaki ko makonni, shi kuma yana narkewa jiki na fitar da shi ta fitsari. Mafi yawan wannan aiki yana matakin bincike, kada wani ya sayar muku da ƙwayoyin kwalin takalmi da sunan magani.

Na gawayin fa?

Asalinsa daga aikin Richard Pekala ne a cibiyar bincike ta Lawrence Livermore a 1989, inda ya haɗa jel daga sinadaran resosinol da fomaldehaid. Daga baya masana, musamman a Jami'ar Liège ta Beljiyam, suka nuna cewa ko a iska aka busar da shi ana samun kafofi masu kyau, muddin an daidaita tsamin haɗin tun farko. Sai a gasa shi a wajen digiri 800 inda babu iskar oksijin, ya zama baƙin gawayi mai ɗaukar lantarki. Ana gwada shi a na'urorin adana wuta masu saurin caji da na cire gishiri daga ruwa. Saboda tsadar resosinol, wasu a Faransa sun koma amfani da tanin na ɓawon itace, dangin sinadarin nan da ke cikin bagaruwa wanda majema ke jeme fata da shi.

An ce ana samun na silika daga buntun shinkafa. Za mu iya yi a nan?

Shinkafa tana zuƙo silika daga ƙasa ta tara a ɓawonta, shi ya sa buntu ke da kaushi, dabbobi ba sa son sa, kuma yake daɗewa bai ruɓe ba. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin shanshera buntu ne. In aka ƙone shi, kusan kashi ɗaya cikin biyar nasa ke zama toka, tokar kuma kashi 85 zuwa 95 cikin ɗari silika ce. Wanda ya bi ta Kura ko Haɗeja ko Argungu bayan girbi ya ga tsibin buntu a bayan injinan casa, wani yana ci da wuta a hankali yana turnuƙe unguwa da hayaƙi. Duk lokacin da na gan shi, sai in tuna kwalbar silika jel da ake sayo mana daga ƙetare da kuɗin waje.

A 2000 masana a Jami'ar Arkansas suka wallafa hanya mai sauƙi. A tafasa tokar cikin ruwan soda, irin wadda masu sabulu ke amfani da ita, na kusan awa ɗaya, silikar ta narke. A tace a zubar da baƙin gawayin. A riƙa ɗiga asid a ruwan da aka tace har ya daidaita, ba tsami ba kaifin soda, nan take zai fara kamawa. A bar shi ya kwana, a wanke shi sau da yawa, a busar a digiri 80.

Wurare biyu aka fi yin tuntuɓe. Na farko ƙuna: a tsaya wajen digiri 600 zuwa 700. In wuta ta wuce haka da yawa, silikar takan koma mai tsarin lu'ulu'u, ta ƙi narkewa a soda, ƙurarta kuma ta zama haɗari ga huhu. Tokar tsibin da ya ci wuta a fili ba ta da tabbas, wani gefen ya ƙone fiye da kima, wani bai ƙone ba. Na biyu wanki: gishirin da ya rage yana toshe kafofi, sai a sami fari tas a ido amma ba ya shan danshi. Soda da asid kuma suna ƙona fata da ido, don haka aikin ɗakin gwaji ne da safar hannu da tabarau, ba na tsakar gida ba.

Samun wanda zai busar da iri ko ya kare kayan lantarki daga danshi abu ne da ɗakin gwajin kwaleji zai iya. Wanda za a tace magani da shi kuwa sai kafofinsa da girman ƙwayoyinsa sun zo daidai a kowane zubi, kuma tabbatar da haka yana bukatar na'urar BET da tanderun da ake iya saita zafinsa ya tsaya cak na awanni, wuta ba ta ɗauke ba.